Giwayen Da Kalli Ya Gani

Kalli tela yana durƙushe a gaban mahaifiyarsa, yana shafa mata man zafi a gwiwa, lokacin da ƙanensa Modu ya yi sallama ya shigo da wata takarda mai hoton giwa a hannu.

Ranar Asabar ce da hantsi, cikin bazarar 1986. Modu akawu ne a tashar jirgin ƙasa ta Nguru, kuma ba ya leƙowa Gashuwa sai bayan wata biyu, wani lokaci uku. Amma duk ranar da ya zo sai ka ce Sallah ce ta sauka a gidan. Tsohuwar, wadda unguwa ke kira Ya Fanne, 'ya'yanta kuma suke ce mata Iya, ta janye ƙafarta daga hannun Kalli ba tare da ta dube shi ba, ta gyara ɗankwali.

"Auta! Kai ne tafe cikin wannan rana? Kellu, kawo masa ruwan randa."

Kellu, matar Kalli, ta kawo ruwa. Modu ya sha, ya gaishe da mahaifiyarsa, ya gaishe da yayansa, sannan ya shimfiɗa takardar a kan tabarma.

"Iya, Yankari za mu tafi," in ji shi. "Wani daji ne a ƙasar Bauchi da aka keɓe wa namun daji. Ba a harbinsu, ba a korarsu. Mota ake shiga a zagaya da mutum ya gan su ido da ido."

"Wannan ai yawon Turawa ne da manyan ma'aikata," in ji Kalli, yana goge hannunsa da tsumma.

"Haka muka zata, Yaya. Amma mu huɗu muka haɗa kai a wurin aiki, kowa da iyalinsa. Bas guda muka ɗauko haya muka raba a tsakaninmu. Abinci daga gida za mu tafi da shi. Akwai kuma wani dogon ɗaki da ake sauke 'yan makaranta, an ce za a ba mu. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya sai ga shi ya zo da sauƙi. Kujera uku ta rage: ta Iya, da taka, da ta Kellu. Yara a cinya."

Ya Fanne ta ɗaga takardar ta kawo ta daf da hancinta, don idonta ya soma yin hazo.

"Giwa," ta ce a hankali.

Babu wanda bai san labarin ba a gidan. Tana yarinya, a ƙauyensu da ke wajen Karasuwa, giwaye suka ratsa ta bayan gari da sassafe. Kowa ya fita kallo, har makaho sai da aka ja shi. Ita kaɗai aka kulle a ɗaki saboda ƙyanda. Da ta warke aka nuna mata sawunsu a busasshen taɓo, ta tsaya a cikin guda da ƙafafunta biyu. Daga nan giwaye ba su sake biyowa ta ƙasar ba. Kalli ya ji wannan labari ya fi sau ɗari, yana zura lawurje a wando ko yana sa maɓalli. Bai taɓa kawowa a ransa cewa roƙo ba ne.

"Iya, gwiwarki ba za ta ɗauki wannan tafiya ba," in ji shi. "Wuni guda ake yi a mota. Ga zafi."

"Gwiwar tawa ce ko taka?" ta ce, ba ta ko ɗaga kai daga hoton ba. "Auta, Allah ya yi maka albarka. Ashe akwai mai sauraro idan ina magana."

Kalli ya rufe kwalbar man, ya murɗa murfin har sai da yatsunsa suka yi zafi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifinsu, kuma tun ranar tsohuwar take hannunsa. Shi ke auno gero. Shi ke ɗora ta a bayan keke ya kai ta asibiti, ya bi layi, ya karɓo magani. Lokacin da ta yi zazzaɓin da aka fid da rai, mako uku kekensa na ɗinki yana rufe. Bai taɓa jiran godiya ba, ko kuma haka yake gaya wa kansa. Sai ga shi yanzu yana ƙirga sau nawa ta ce masa Allah ya yi maka albarka da irin wannan muryar, ya rasa ko guda.

Mako biyun da suka biyo baya, gidan bai san wata hira ba sai ta Yankari. Duk matar da ta shigo ɗiban wuta ko aron turmi sai an nuna mata hoton. Labari ya kai kasuwa. Mai sayar da yadi da ke kusa da rumfar Kalli ya leƙo yana murmushi.

"Malam Kalli, ashe ƙanenka zai kai tsohuwa ganin duniya? Wannan yaro ya san darajar uwa."

"Ya sani," in ji Kalli, ya taka keke da ƙarfi har allura ta karye.

Duk da haka ya zaɓi atamfa mai kyau ya ɗinka mata riga da zane na tafiya, ya yi wa wuyan ado da zare mai ruwan zinariya. Da ya kai mata, ta shafa ɗinkin da tafin hannu ta ce, "Yawwa. Kada in kunyata Modu a gaban abokan aikinsa."

Da rana Kellu ta ajiye masa abinci, ta dawo ta tarar bai taɓa ba.

"Malam, tun da Modu ya zo ba ka cinye kwanonka ba."

"Zafi ne."

"To," ta ce. Ta ɗauki kwanon, ta tsaya a bakin ƙofa. "Wanda ake gani kullum ba a yi masa oyoyo. Ba ƙi ba ne."

"Wa ya tambaye ki?"

Ta fita da kwanon.

Ranar tafiya, bas ɗin ta iso daga Nguru gari na wayewa, an ɗaure mata buhunan dambu da busasshen kifi da tukwane a bisa. Modu yana gaba da takardar sunaye, abokan aikinsa suna ta tsokanarsa da Shugaba. Aka zaunar da Ya Fanne a bayan direba, kusa da Asta matar Modu. Kalli ya samu kujerar ƙarshe, a kan tudun taya, da jakar maganin tsohuwar da butarta a cinya.

Suka bi ta Jakusko suka faɗa Potiskum, suka miƙe zuwa Bauchi. Mata suna waƙa, yara suna ƙirga shanu. Duk inda aka tsaya, Kalli ne ke ratsowa ta tsakanin ƙafafu ya sauko da mahaifiyarsa, ya riƙe ta har ta gama alwala, ya mayar da ita. Duk inda aka tashi kuma sai ya jiyo muryarta daga gaba: "Auta, wannan dutsen fa, me ake ce masa?" A Darazo wani abokin aikin Modu ya miƙa masa rake ya ce, "Kai ne yayan Shugaba? Telan? Ai kun yi dace da ƙane."

Sun shiga Yankari bayan la'asar. Tun kafin a gama sauke kaya wani gwaggon biri ya fizge ƙullin ƙuli-ƙuli daga hannun Asta ya haye rufin ɗaki, aka yi ta dariya. Gadu yana kiwo a tsakar sansanin kamar akuyar gida. Ya Fanne ta ce duk wannan ba shi ya kawo ta ba.

Washegari da sassafe aka ɗora su a wata buɗaɗɗiyar babbar mota mai bencina, da ɗan jagora a tsaye. Suka ga garken ɓauna, suka ga gwanki, suka ga kada yana shan hantsi a bakin kogin Gaji. Ɗan jagoran ya nuna musu bishiyoyin da aka karya da kashin giwa mai ɗumi, ya ce yanzun nan suka wuce. Ba su gan su ba. Da yamma aka sake fita, aka dawo haka nan. A kan hanyar dawowa Kalli ya ji wani sanyi yana sauka a ƙirjinsa, irin na wanda ya sha ruwa bayan doguwar tafiya. Ya san sunan abin, ya kau da kai daga gare shi.

Fita ta uku ita ce ta ƙarshe, da safiyar ranar komawa. Modu ya tsaya a motar tun daga farko har ƙarshe, yana ta leƙen kurmi har idanunsa suka yi ja. Babu giwa. Da aka sauko, abokan aikinsa suka kwashi yara suka gangara wanka a ruwan ɗumi na Wikki kafin a ɗaura kaya. Matakalar wurin ta fi ƙarfin Ya Fanne, don haka aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa a ƙarshen ɗakunan. Modu ya zube a gabanta.

"Iya, ki yafe mini. Na wahalar da ke a banza."

"Haba Auta," ta ce, ta ɗora hannu a kansa kamar yaro. "Wa ya taɓa yi mini abin da ka yi? Ko ban gani ba, ai ka kawo ni ƙofar gidansu."

Sanyin da ke ƙirjin Kalli ya ƙafe nan take. Ya ajiye butar da ke hannunsa ya zagaya bayan ɗakunan, ba don yana da wurin zuwa ba.

A can ya tarar da wani dattijo Bafulatani cikin kakin ma'aikatan dajin, yana dogare da sanda a bakin gangare. Malam Jumare ne, mai gadin da ya nuna musu masauki ranar da suka zo. Dattijon ya ɗora yatsa a leɓe, ya yafito shi.

"Zo a hankali," ya ce da raɗa. "Duba ƙasa."

Da farko Kalli bai ga komai ba sai inuwa da kututture. Sai kututture guda ya ɗaga kunne. Giwaye ne, bakwai, a cikin kwarin, kusa ƙwarai har yana jin ƙarar reshe idan sun karya. Babbar cikinsu ta miƙa hanci ta janyo ganye ta tura a baki ba tare da gaggawa ba. Fatarta ta yi taɓo ta bushe ta tsage kamar ƙasar fadama. Wani ɗan ƙarami yana ta kutsawa tsakanin ƙafafunta yana tuntuɓe da nasa hancin.

"Ba ku ne masu tsohuwar nan ba?" in ji Malam Jumare. "Maza ka ɗauko ta. Za su ɗan jima, yanzu suka soma ci."

Kalli ya juya. Daga inda yake yana hango tabarmar ta tsakanin ɗakuna biyu. Bai fi taku sittin ba. Ya san nauyin mahaifiyarsa a bayansa kamar yadda ya san nauyin almakashinsa. Kafin giwar ta gama tauna abin da ke bakinta zai kawo ta. Modu yana zaune har yanzu a gabanta, yana faɗin wani abu, ita kuma tana dariya tana dukan kafaɗarsa.

Ya ga yadda abin zai kasance. Za ta gani, ta yi kuka, ta ɗaga hannu sama. Sannan har ranar da za ta bar duniya, duk wanda ya shigo gidan da shi Kalli ke ciyarwa zai ji cewa Modu ne ya nuna mata giwa.

"Bari in ɗan ƙara gani," ya ce.

Dattijon ya dube shi. Suka tsaya. Babbar giwar ta karya wani reshen. Ɗan ƙaramin ya kwanta ya yi birgima ya tashi.

"Malam, ka kira su mana," in ji Malam Jumare. "Iska za ta juya."

Kalli bai motsa ba. Dattijon ya girgiza kai, ya juya ya nufi tabarmar da kansa, yana jan ƙafa guda. Kalli ya bi shi da kallo yana tafiya a hankali, a hankali, kuma bai ce masa tsaya in je ba.

Kafin dattijon ya kai, babbar giwar ta ɗaga hanci sama ta shaƙi iska. Ta juya. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ba gudu, ba hayaniya.

Sai ga Modu a guje da tsohuwar a bayansa. Bai iya goyo ba, tana ta zamewa, takalminsa guda ya fita bai tsaya ba. Kellu da Asta suna biye. Ya iso bakin gangaren yana haki.

"Ga su can, Iya! Ga bayan guda can!"

"Ina? Ina, Auta?"

Ta ware idanunta masu hazo tana bin yatsansa. Ganye ya motsa ya tsaya. Daga nesa aka ji reshe ya karye, shi ke nan.

Modu ya sauke ta a hankali, ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ya Fanne ta daɗe tana kallon kurmin, sannan ta juyo.

"Kalli, kai ka gan su?"

"Na gani, Iya."

"Tsoro ya kama ka, ko? Ƙafa ta ƙi ɗaguwa." Ta yi 'yar dariya. "Wa zai ga giwa ya iya motsi?"

"E, Iya," in ji Kalli.

Asta ta yi dariya, abokan tafiya da suka soma taruwa suka taya ta. Kellu ta sunkuyar da kai. Modu bai yi dariya ba.

"To zo nan," in ji tsohuwar, ta kama wuyan hannunsa. "Faɗa mini. Kada ka bar komai."

A hanyar komawa ita ta sa aka sauya zama. Kalli ya dawo kusa da ita a bayan direba, Modu ya koma kan tudun taya. Tun daga ƙofar dajin har Potiskum ba ta saki hannunsa ba. Nawa ne? Kunnen ya kai faifai ko ya kai tabarma? Hauren fari ne ko ya yi ja? Ya ba ta amsa, ta sake tambaya, ya sake ba ta. Mutanen motar suka yi tsit suna saurare. Wanda ya ba shi rake ya ce, "Malam Kalli, kai ne mai rabon tafiyar nan." Rabon da mahaifiyarsa ta riƙe hannunsa haka tun yana yaro. Ya ji tafin nata yana ƙona shi.

Sun iso Gashuwa rana tana gab da faɗuwa. Modu ya shigar da kayan tsohuwar, ya yi mata sallama, ya fito. A zaure ya tarar da yayansa.

"Yaya," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "mai gadin nan ya ce sau biyu ya ce ka kira mu."

Kalli ya buɗe baki. Shekara goma sha ɗaya ce ta faɗo masa a rai, da layin asibiti, da keken da ya rufe, da rigar da ya yi wa ado. Ya ga babu ɗaya a ciki da zai zama amsa.

"Na san kai kake riƙe da ita," in ji Modu. "Kullum ina jin kunyarka. Ni ban iya jinya ba, ban iya zama ba. Wannan ne kaɗai abin da na ga zan iya." Direba ya danna ham a waje. Modu ya gyara hularsa. "Ba zan gaya mata ba."

Ya fita. Bas ɗin ta tashi ta nufi Nguru.

Daga ranar Kalli ya zama mutumin da ya ga giwa. Idan mata suka shigo yi wa Ya Fanne barka da dawowa, sai ta aika a kira shi daga rumfa. "Ni ban gani ba," takan ce, "amma ɗana ya gani da idonsa, bakwai, har da jariri. Kalli, faɗa musu." Sai ya tsaya a bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya ya faɗa. A kasuwa ma har mahauta suna tsayar da shi. Modu ya zo sau ɗaya kafin azumi, ya gaishe shi kamar kullum, ya zauna ya saurari labarin tare da baƙi, idonsa a ƙasa.

Wata rana bayan la'asar, gidan ba kowa, Kellu ta tafi suna, tsohuwar ta kira shi ta ce ya zauna.

"Faɗa mini kuma. Daga inda ka zagaya bayan ɗaki."

Ya soma. Ya faɗi dattijon da sandarsa, ya faɗi kututturen da ya ɗaga kunne. Ta lumshe ido tana gyaɗa kai. Da ya kai inda ɗan ƙaramin ya yi birgima, sai ta ɗaga hannu.

"A nan ne ya ce maka iska za ta juya, ko can gaba?"

Kalli ya dube ta. Bai taɓa sa wannan a labarin ba.

"Idona ne ya tafi, Kalli," ta ce, ba ta buɗe idon ba. "Kunnena yana nan. Ina zaune mutumin ya zo ya gaya wa ƙanenka komai."

Wata kaza ta ratsa tsakar gidan tana tsattsagar ƙasa. Kalli ya dubi hannuwansa.

"Iya..."

"Ban tambaye ka komai ba," ta ce. Ta gyara zama, ta jingina da bango. "Kai kaɗai ne ka gan su a zuriyarmu, ba ni da wani wurin ji. Ci gaba. Da ɗan ya tashi, sai uwar ta yi yaya?"

Kalli ya ɗago kai.

"Sai ta sa hanci ta kaɗe masa ƙasa a baya," ya ce.

"A hankali?"

"A hankali, Iya."